Ziyarar Cutty Sark, Jirgin Shayi da Ulu a Bakin Kogin Thames

Na tashi daga Kano a jirgin sama mai ya da zango a Alƙahira, da nufin halartar bikin kammala karatun ɗan yayata a Landan, amma tun kafin in bar gida na ƙudurta cewa ba zan dawo ba sai na je unguwar Greenwich na ga tsohon jirgin ruwan nan da ake kira Cutty Sark. Sana'ata sayar da kayan masarufi ce a Kasuwar Singa, kuma ganyen shayi yana cikin hajar da na fi daɗewa ina juyawa. Duk wanda ya taɓa zaman jiran kayansa su iso daga ƙasar Sin, yana lissafin makonni yana kallon farashi yana sauyawa, zai fahimci dalilin da ya sa nake son in ga irin jirgin da ake ɗauko wannan haja da shi a lokacin da babu inji, sai iska da ƙarfin damtse.

A filin jirgin sama na Heathrow layin masu fasfo irin namu ya yi tsawo, amma yana tafiya. Jami'ar shige da fice ta tambaye ni abin da ya kawo ni, da inda zan sauka, da ranar komawata, ta duba takardar gayyatar da jami'ar yaron ta bayar, na ɗora yatsuna a kan na'ura, ta miƙo mini fasfona. Yaron ya riga ya ja mini kunne a waya cewa: "Kawu, don Allah kada ka sako kilishi a kaya, ba a shigo da nama ƙasar nan." Saboda haka tsarabar da na kai masa ba ta wuce yaji da kuka da kuɓewa busasshiya ba. Daga filin jirgin muka shiga jirgin ƙasa na layin Elizabeth, wanda ya ratsa ƙarƙashin birnin ya sauke mu a Woolwich cikin kamar awa guda, a kan fam goma sha wani abu kowannenmu.

Masaukina ɗaki ne guda a wani gida da ɗalibai suke haya tare, suna tarayya a kicin da banɗaki. Ya bar mini gadon, shi ya shimfiɗa bargo a ƙasa, kuma da ya faɗa mini abin da yake biya a wata sai na yi shiru. Lokacin bazararsu ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, ga asuba tana yi tun mutum bai gama juyi a gado ba, don haka lokutan salla suka ɗan wahalar da ni a farko. Juma'a mun yi ta a babban masallacin da ke titin Plumstead, inda na ga Somaliyawa da Yarbawa da mutanen Bangaladash sahu ɗaya. Biki ya zo ya wuce lafiya, washegari muka kama hanyar abin da ke raina.

Akwai bas da jirgin ƙasa, amma na roƙi yaron mu bi ta ruwa, domin jirgin ruwa ta ruwa ya kamata a iske shi. Muka shiga jirgin fasinja a gaɓar Woolwich a kan kuɗin da bai kai fam goma ba kowannenmu, muka wuce ta tsakanin manyan ƙofofin ƙarfen da aka kafa a kogin don kare birnin daga ambaliya, muka sha wata babbar kwana. Kafin in ga jirgin kansa, abin da na fara hangowa shi ne dogayen ginshiƙansa uku sun zarce rufin gidaje, igiyoyi sun sarƙe su ta ko'ina. Na tsakiyar ya kai kimanin mita 46, kuma an ce idan aka miƙe igiyoyin jirgin gaba ɗaya za su kai mil 11. A kan waɗannan ginshiƙai ake ɗaura filafilai, wato manyan shimfiɗun zane mai kauri da ke tare iska su tura jirgi, waɗanda faɗinsu a jimlace ya kai kimanin murabba'in mita 3,000. Yau babu su a jiki, amma ko a haka sai da na tsaya cik a bakin gaɓa ina ɗaga kai, har yaron ya ce: "Kawu, mu ƙarasa, tikitinmu na da lokaci." Kuɗin shiga a lokacin da na je kimanin fam 20 ne ga babba, wajen naira dubu arba'in ke nan a canjin lokacin.

Ta wata ƙofa da aka yanka a gefen jirgin ake shiga, sai mutum ya tsinci kansa a rumbun kaya na can ƙasa. Wurin da ɗan duhu, yana ƙamshin tsohon katako, kuma an jera kwatankwacin akwatunan shayi masu rubutun Sinanci. Na kai hannu na shafa bangon. A nan na gane yadda aka ƙera shi: haƙarƙarinsa na ƙarfe ne, sirara, sannan aka lulluɓe su da katako mai kauri aka ɗaure da ƙusoshi. Katakon da ke sama da ruwa na itacen tik ne, na ƙasa kuma wani itace mai tauri daga Amurka. Dabarar ita ce haƙarƙarin ƙarfe ba ya cin wuri kamar na katako, don haka kaya sun fi samun fili, shi kuwa jikin katako ana iya manna masa farantan tagulla a waje don kada ciyawa da tsutsotsin teku su kama shi su rage masa gudu. Tsohon ƙarfen asali an shafa masa farin fenti, sabon da aka ƙara don tallafi kuma ruwan toka, ta yadda baƙo zai bambance da idonsa. Farin ya ci tsatsa har ya yi ramuka a wasu wurare, amma yana nan inda aka kafa shi a 1869.

Wani dattijo cikin masu yi wa baƙi bayani, wanda ya ce shi ma a jiragen kaya ya yi ƙuruciyarsa, shi ya warware mini yadda cinikin yake. Bayan yaƙin ofiyam na farko, wanda Ingila ta yi da Sin don tilasta mata ci gaba da karɓar wannan mugun kayan maye, yarjejeniyar Nanking ta 1842 ta buɗe tashoshi biyar ga Turawa, ciki har da Shanghai da Fuzhou. Mutanen Landan suka ɗauki ra'ayin cewa shayin sabuwar kaka ya fi na bara, har 'yan kasuwa suka riƙa biyan ƙarin sule goma a kan kowane tan ga jirgin da ya riga isowa. Wannan ƙarin kuɗi da sunan da ke biye da shi su suka haifar da jirage masu siririn goshi da filafilai fiye da kima, waɗanda ake kira kilifa. A 1866 jirage uku, Taeping da Ariel da Serica, sun bar Fuzhou rana ɗaya, suka yi kwana 99 a teku, suka shiga Landan rana ɗaya, tsakanin na farko da na biyu bai kai rabin awa ba. Ban ji daɗin yadda ake saurin wuce batun ofiyam a irin wannan bayani ba, domin shayin da ake tsere a kansa an buɗe masa hanya ne da bakin bindiga, kuma na faɗa wa dattijon haka, ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne.

Mai jirgin, John Willis, attajirin jiragen ruwa ne a Landan, kuma burinsa shi ne ya samu jirgin da zai kayar da wani sabo mai suna Thermopylae. Ya ba wani ƙaramin kamfani, Scott da Linton, kwangilar a garin Dumbarton na Sukotlan a kan fam 17 kowane tan. Farashin ya yi ƙasa, sharuɗɗan sun yi tsauri, kamfanin ya karye kafin ya gama aikin, sai kamfanin Denny ya ƙarasa. Hercules Linton, wanda ya zana wannan jiki da ake zuwa kallo daga ko'ina a duniya, karayar arziki ya samu a kansa. An tura jirgin cikin ruwa ranar 22 ga Nuwamba, 1869. Kwana biyar kafin nan, ranar 17 ga wata, aka buɗe mashigin ruwan Suez a Masar.

Wannan kwanan wata shi ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na ji a ranar. Mashigin ya rage wa jiragen tururi sama da mil 3,000 tsakanin Sin da Landan, alhali jirgin iska ba ya iya amfana da shi, saboda iskar Bahar Maliya ba ta yi masa daidai, kuma sai an biya an ja shi a cikin mashigin. Dole ya ci gaba da zagaya ƙuryar kudancin Afirka. Wato an ƙera gwanin tsere a makon da aka fara tashin filin tseren. Ina tsaye a rumbun nan sai ayarin Tarabulus ya faɗo mini. Kakanninmu sun ga zamanin da fatake ke tashi daga Kano da fatu da gashin jimina da hauren giwa, su bi ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas, su yi watanni kafin su ga teku. Madugu ya san rijiyoyi, ya san taurari, ya san wanda za a ba kyauta a wuce lafiya, kuma ilminsa bai ragu da ƙwayar zarra ba a ranar da dogo ya iso Kano a 1911. Abin da ya faru shi ne kaya sun samu wata hanya mai sauƙi da arha ta Ikko, sai Larabawan Gadamas da ke zaune a birni suka ga cinikinsu yana tsiyayewa, raƙuma suka koma ɗaukar gishiri da kanwa a tafiye-tafiyen da ba su kai na da riba ba. Haka kyaftin-kyaftin ɗin kilifa suka wayi gari da gwanintarsu cif, amma 'yan kasuwar shayi sun juya wa jiragen tururi, waɗanda ake iya faɗin ranar isowarsu. Ni ɗan kasuwa ne, na san da ni ne a wancan lokaci da jirgin tururin zan ba kayana, kuma sanin hakan bai hana ni jin zafin abin ba.

Duk da haka Cutty Sark ya yi safarar shayi sau takwas. A tafiyarsa ta farko ya bar Landan a Fabrairun 1870 ƙarƙashin Kyaftin George Moodie, ɗauke da giya iri-iri da kayan masana'antu, ya dawo daga Shanghai ranar 13 ga Oktoba da shayi kusan tan 600. Bai taɓa zama na farko a tseren shayi ba ko sau ɗaya. Kayan shayinsa na ƙarshe a 1877 ya ɗauko su, bayan nan ya shiga yawon neman duk abin da ya samu, kwal ne, rama ce, man zurma ne, daga wannan tasha zuwa waccan.

Muka hau matakala zuwa doron jirgin, inda iska ke kaɗawa daga kogi. A nan na ga ɗakunan kwanan ma'aikata, kuma na shiga ɗaya na gwada kwanciya a gadon. Akwati ne na katako da aka kafe a bango, ɗaya bisa ɗaya, tsawonsa da kyar ya ɗauke ni, faɗinsa bai isa mutum ya juya a sake ba, kuma an yi masa ɗan shinge a baki don kada igiyar ruwa ta wurgo mai barci ƙasa. Mutum ashirin da wani abu ne ke tafiyar da jirgin duka, cikinsu har da yara masu koyon aiki 'yan shekara goma sha huɗu, kuma su ne ke hawa can ƙololuwa cikin dare da ruwan sama su naɗe zanen da ya jiƙe ya yi nauyi, ƙafafunsu a kan igiya guda, teku na ruri a ƙasa. Abincinsu nama ne mai gishiri da aka adana a ganga, da miyar wake, da busasshen biskit mai tauri, da ruwan lemun tsami don maganin ciwon dasashi. Akwai akurkin kaji da ɗan kejin aladu a doron. Can baya kuma ɗakin kyaftin ne, da katako mai sheƙi da murhu da teburin da aka yi wa maratayin kofuna mai lilo don kada abin sha ya zube. Taku kaɗan ne tsakanin wuraren biyu.

A wajen sitiyarin, wanda faɗinsa ya kusa tsayina, dattijon ya ba mu labarin 1872, kuma a ganina wannan ne labarin da ya fi kowane nuna ko su wane ne suka riƙe jirgin. A watan Yunin shekarar Cutty Sark da Thermopylae suka bar Shanghai tare. A tekun Indiya Cutty Sark ya ba abokin karawarsa ratar kimanin mil 400, sai guguwa ta taso a watan Agusta ta ɓalle allon akalarsa, wato babban allon da ke cikin ruwa a baya wanda da shi ake juya jirgi. Ɗan'uwan mai jirgin yana ciki, ya matsa a nufi Cape Town a yi gyara, Moodie ya ƙi. Kafintan jirgin, Henry Henderson, ya tattara ragowar katakai da ƙarafa, aka kafa maƙera a kan doro ana hura wuta jirgi na tangaɗi, har wata igiyar ruwa ta kifar da maƙerar garwashi ya zube wa ɗan kyaftin, wanda yake cikin yara masu koyo. Cikin kusan mako guda suka ƙera sabon allo, suka zura shi cikin ruwa suka ɗaure, kuma da shi jirgin ya zagaya Afirka ya isa Landan bayan kwana 122, mako guda kacal a bayan Thermopylae. Willis ya ba kafintan kyautar fam 50. Moodie kuwa ya ajiye aikin jirgin saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsa da ɗan'uwan maigidansa, ya koma jiragen tururi.

Akwai kuma labarin da ba na alfahari ba, kuma na yaba da ba a ɓoye shi. A 1880, jirgin na ɗauke da kwal zuwa gabas, mataimakin kyaftin mai suna Sidney Smith, mutum mai mugun hali, ya bugi wani ma'aikaci baƙar fata, John Francis, da sandar aiki a ka, bayan 'yan kwanaki ya cika. Da aka isa Anjer a tsibirin Jawa, Kyaftin James Wallace ya bar mai laifin ya sulale ya shiga wani jirgi. Ma'aikatan suka ce ba za su ƙara taɓa igiya ba tunda an hana mamacin haƙƙinsa. Iska ta ɗauke, jirgin ya tsaya cak a tekun Jawa kwana da kwanaki cikin zafi, Wallace ya ga sunansa ya riga ya ɓaci, sai ya faɗa teku, ba a ƙara ganinsa ba. Daga baya an kama Smith a Landan aka ɗaure shi shekara bakwai. Na daɗe a tsaye a wurin ina tunanin waɗannan ma'aikata, talakawa daga ƙasashe daban-daban, waɗanda suka san yajin aiki a teku babban laifi ne a dokar lokacin, amma suka tsaya wa ɗan'uwansu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ɗaukakar jirgin ba a shayi ta zo ba, a gashin tumaki ta zo. Daga 1883 Willis ya sa shi safarar ulu daga Ostireliya, hanyar da ta yi wa jiragen tururi na lokacin nisa saboda yawan kwal ɗin da suke ci. A 1885 aka ba Richard Woodget jirgin, ya riƙe shi shekara goma, kuma a dawowarsa ta farko daga Sidni ya yi kwana 73, ya riga Thermopylae da kusan mako guda. Woodget yakan gangara can kudu sosai, inda iska ba ta hutawa, ya bi ta ƙuryar kudancin Amurka ta Kudu a tsakanin duwatsun ƙanƙara masu yawo a teku. Yana da na'urar ɗaukar hoto, kuma na ga hotunan ƙanƙarar da ya ɗauka da hannunsa, fari fat kamar tsaunuka. Ana danna damman ulu a cikin rumbu da na'urar matsi har jirgin ya ɗauki sama da dami 5,000 a tafiya guda. A watan Yulin 1889, kusa da Sidni, ya cim ma wani jirgin tururi na fasinja mai suna Britannia ya wuce shi da ƙarfin iska kawai. Tafiyarsa mafi tsawo a yini da kwana guda ta kai mil 363 na teku.

Amma jiragen tururi suka kamo ulu ma. A 1895 Willis ya sayar da jirgin ga kamfanin Ferreira na Lisbon, aka sauya masa suna zuwa Ferreira. Shekara 27 ya yi a hannun mutanen Fotugal, fiye da abin da ya yi a hannun Willis, yana jigila tsakanin Lisbon da Barazil da Amurka da Angola da Mozambik. A 1916 guguwa ta karya masa ginshiƙai a kusa da Afirka ta Kudu, aka ja shi zuwa Cape Town, aka rage masa filafilai saboda ƙarancin kayan gyara a lokacin yaƙi. Wannan zamani shi aka fi taƙaitawa a bayanin da ake yi wa baƙi, ni kuwa ina ganin bai kamata ba. Da ba su ci gaba da ɗora masa kaya suna toshe ɓarakarsa ba, da tuni an farfasa shi. Thermopylae ma a hannun Fotugal ya ƙare, sojojin ruwansu suka nutsar da shi a 1907. A 1922 wani tsohon kyaftin, Wilfred Dowman, ya ga jirgin ya fake a tashar Falmouth, ya gane shi duk da tsufa da sauyin kama, ya bi shi ya saya a kan fam 3,750, fiye da darajarsa a kasuwa. Shi da matarsa Catharine suka mayar masa da sunansa da siffarsa, ya zama wurin koyar da yara aikin teku. Bayan rasuwar Dowman matar ta miƙa shi ga wata makarantar horon matuƙa a 1938, a 1954 aka jawo shi Greenwich aka shigar da shi busasshen kwarmin da aka gina masa, Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi ga jama'a a 1957.

Ƙarshen zagayen shi ne a sauka ƙarƙashin jirgin. A gyaran da aka fara a 2006 an ɗaga shi sama da kimanin mita uku, aka tokare shi da ƙarafa ta gefe, saboda nauyinsa yana neman lanƙwasa shi a zaunen da yake. Ana cikin aikin gobara ta tashi ranar 21 ga Mayu, 2007, kuma bincike ya danganta ta da wata na'urar zuƙe ƙura da aka bari a kunne. Allah ya taƙaita, domin an riga an kwance ginshiƙai da kusan rabin katakan an kai ajiya. An sake buɗe shi ranar 25 ga Afrilu, 2012, bayan an kashe kimanin fam miliyan 50. Masana gine-gine da dama sun soki rumfar gilashin da aka kewaye shi da ita, kuma daga waje na yarda da su, domin ta ɓoye rabin jikin jirgin. Daga ƙasa kuwa ra'ayina ya sauya. Na tsaya daidai ƙarƙashin ƙashin bayansa, tan ɗari tara da wani abu yana rataye a bisa kaina, farantan tagulla suna walƙiya kamar zinariya daga goshi har wutsiya, na ɗaga hannu na taɓa. Goshin siriri ne kamar bakin gatari, sannan jikin ya buɗe a hankali ba tare da wata kusurwa ba, kuma a nan ne kawai mutum zai ga dalilin gudun da idonsa. A ƙarshen zauren an jera gumakan katako da ake kafawa a goshin jirage, cikinsu har da na asalin wannan jirgi, siffar wata mayya ta tatsuniyar Sukotlan da ta miƙa hannu don cafko wutsiyar doki.

A nan ƙarƙashin jirgin akwai wurin shan shayi, muka zauna na sha kofi guda a kan fam uku da wani abu, baƙin shayi da madara kaɗan, ba kauri. Da muka fito muka ci soyayyen kifi da dankali a kusa da kasuwar Greenwich, sannan muka hau tudun da ke bayan gari zuwa gidan duban taurari da aka kafa a 1675, inda agogon GMT da muke ji a rediyo ya samo asali. Hawan ya sa ni haki, amma yana da alaƙa da abin da ya kawo ni. A kan rufin akwai wata jar ƙwallo da ake saki ta faɗo da ƙarfe ɗaya na rana daidai tun 1833, domin jiragen da ke kogi su saita agogonsu kafin su fita, kuma da wannan agogo ne kyaftin irin Woodget yake gane inda yake a tsakiyar tekun da babu alama. Mun makara, ba mu ga faɗuwarta ba.

Mun koma Woolwich a bas da yamma, sauran kwanakin suka tafi a ziyarar 'yan'uwa da sayen tsaraba, sannan na biyo hanyar da na zo na dawo Kano. Wanda Allah ya kai shi Landan kuma yake son ganin jirgin, ya sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, ya je da safe kafin 'yan makaranta su cika wurin, ya sa takalmi mara santsi saboda matakalan suna da tsayi da ƙunci, kuma ya nemi ɗaya daga cikin masu bayanin ya tambaye shi labarin kafinta Henderson da na shekarun Fotugal, domin allunan bango ba su ba su haƙƙinsu ba.